Mutanen da Ke Jiran Sabuwar Mai Tsara Sutura

Duk budurwar da ta buɗe shafi a Instagram ta sa wa kanta "mai tsara sutura" tana zaton aikin haɗa launi ne: wannan leshi da wancan mayafi, wannan takalmi da waccan jaka. Sai ta tsunduma take gane cewa kaya ba sa gardama, mutane ne jarrabawar. Ga waɗanda ke jiran ta a Kano.

Uwar Ɗaki. A hannunta ake koyon sana'a. Ke ce mai jan akwati, ke ce mai guga, kullum fil uku a bakinki. In shiga ta yi kyau, sai ta ce, "Kwana na yi ina tunanin wannan haɗin." In janbaki ya ɓata rigar aro kuwa, "Wallahi yarinyata ce, sabuwa ce."

Amarya Mai Hoton Waya. Za ta nuna miki wata amaryar Abuja, doguwa sambal, ta ce, "Sak haka nake so." Kuɗin da ta ware bai kai na ɗankwalin da ke cikin hoton ba. Ki ce a rage duwatsu, ta ce baƙin ciki kike mata.

Gwaggo. Ba ita ta kira ki ba, ba ita za ta biya ba, amma maganarta yankan wuƙa ce. Ana shirin fita kamu za ta leƙo ta riƙe haɓa: "'Yar nan, wannan wuyan wa aka bar wa? A rufe." Aikin wata guda ya shige ƙarƙashin mayafi. Amsar dai ɗaya ce: "To, Gwaggo."

Alhajin Kwari. Yana zaune cikin tulin shadda, zai rantse miki cewa gezna ce 'yar asali, jiya ta sauka daga Ostiriya, kuma faɗuwa ya yi ya bar miki saboda mutunci. Ki juya za ki tafi, farashi ya sauko. Ki nemi aron turmi ɗaya na Holan don ɗaukar hoto, nan take ya tuna ashe shagon na yayansa ne.

Tela Gobe-In-Sha-Allah. Tun Sha'aban kika kai masa ɗinki. Duk kiran da kika yi, "Saura aikin wuya kawai, Anti." Jajibirin biki wayarsa a kashe. Ki je shagon ki tarar da yadi shidanki a ninke, almakashi bai ko shinshina su ba, yaronsa na cewa, "Oga ya je ta'aziyya."

Daraktan Kannywood. Yau an ɗauki jarumi yana shiga ɗaki da zanna bukar ruwan toka. Sai bayan mako uku za a ɗauki fitowarsa, alhali hular tuni jarumin ya yi kyauta da ita. "Ina mai kaya? Nemo irinta sak, rana na faɗuwa!"

Hajiya Zan-Tallata-Ki. Ita ce gagarabadau. "Ke dai yi mini, ƙanwata, mabiyana kaɗai sun ishe ki arziki." Hoto ya fito, ta ambaci tela, mai kwalliya, mai lalle, mai hoto, har da mai zoɓo, ta manta da ke. Ki tuna mata, ta turo miki hoton zuciya. Shi kuwa mai adaidaita sahun da ya kwaso akwatunanki daga Zoo Road tsabar kuɗi ya sani.

Wadda ta jure wa waɗannan ba ta fasa ba, to ta zama 'yar hannu. Alamarta ba ta ɓuya: tana yawo da allura da zare da mayafin ko-ta-kwana saboda Gwaggo, kuma ba ta taɓa ko fil sai an dire mata kafin alƙalami.