Masu Cin Saniya Tun Tana Tsaye

A Ingila ko Amurka, in za a sayar da shanun madara ko gona ko tantan, gwanjo ake bugawa. Mutum ɗaya ya hau dandamali da 'yar gudumarsa yana zuba lissafi, kowa na jin abin da aka taya, wanda ya fi tsoka ya ja abinsa. A Karar Sakkwato babu guduma, babu dandamali, kuma ba mahalukin da zai gaya maka gaskiyar abin da aka taya kafin ka iso. Amma gwanjon yana nan daram. Aikin mai guduma ne kawai aka rarraba wa jama'a, kowa ya samu na cefane. Saniya ɗaya ce, mai ita ɗaya, mai saye ɗaya. Sauran taron da ka gani sun yi mata zobe, ci suke yi tun ba a kai ga wuƙa ba.

Ubansu duka shi ne dillali. Babban aikinsa a duniya kada mai saniya da mai saye su tsaya inda za su ji maganar juna. Zai kama hannunka ya ja ka gefe, ya sassauta murya: "Alhaji, zo ka jiya. Don kai na. Wallahi ɗazu wani yat taya ta dubu 800 anka ce albarka." Ya sake ka, ya zagaya bayan turke, ya kama hannun mai ita: "Kasuwa ta mutu yau, ka dai gani da idonka. Dubu 650 na samo maka, shi ma da kyar." Abin da ke tsakanin lissafin nan biyu ba ya shiga la'ada. La'ada daban take, ita a fili ake ba da ita, har da godiya.

Ba shi da saniya ko ɗaya, amma ya san asalin kowace. Wannan Bokolo ce tsantsa, dubi guntun ƙaho, dubi leɓe har gwiwa. Waccan ja mai dogayen ƙahoni Rahaji ce. Ita kuwa wannan daga Azawak ta fito, ta biyo ta Ƙonni ta kwana Illela ranar Lahadi, nononta sai an riƙa sauya ƙwarya. In ka dawo da la'asar ba a sayar ba, za ka iske ta sake asali, ta zama 'yar gida, haihuwar Wurno.

Duk da haka ni ban yarda da masu cewa a kori dillalai a huta ba. A 'yan shekarun nan da satar shanu ta addabi gabashin jihar, su Isa da Sabon Birni da Rabah, wanda ya sayi dabba hannun baƙon da bai sani ba yana iya sayen rigima da kuɗinsa. Ranar da mai ita na gaskiya ya ɓullo da shaidunsa, wuyan rigar dillali ake fara cafka, domin shi ya tsaya ya ce ya san mai kawowa. Wani ɓangare na abin da yake ci, kuɗin wuyan rigarsa ne.

Dillali na da abokin aiki, mai zuga, da ba su taɓa gaisawa a gaban mutane. Wannan sai ka taya, an fara kai da komo, sannan zai faɗo daga sama da babbar riga da waya a kunne. Ya zagaya saniyar sau ɗaya, ya ce "Nawa anka taya?", ya ɗora dubu 20 a kan tayinka ba ko ƙifta ido. Aljihunsa babu abin da ya wuce kuɗin kabu-kabun komawa Mabera. Kai kuwa zuciya ta ɗebe ka, ka ga za a ƙwace maka abu a gaban jama'a, ka ƙara. Malamai sun daɗe da ba wannan sana'a suna, najashi, sun kuma ce haramun ce. Ya sani sarai. Da shi ake zaman karatu bayan magariba, har ya fi kowa gyaɗa kai in an zo babin ciniki.

Mai saye mai wayo ma ba ya zuwa hannu rabbana, yana tafe da nasa makamin: mai kushe. Shi wannan bai taɓa ganin dabbar kirki ba tun da aka haife shi. Zai buɗe bakin saniya ya leƙa, ya yi tsaki. A gaskiya akwai ilmi a wurin, don saniya takan fara fidda haƙoran girma tana wajen shekara 2, su cika a wajen shekara 4 zuwa 5, daga nan sai zaizayewa. Amma shi ko karsana ka nuna masa cewa zai yi, "Wagga ai an biya mata jangali," harajin da aka soke tun shekarun 1970. Ranar da aka yi rashin sa'a mai zuga da mai kushe suka haɗu a kan saniya ɗaya, a nan ake samun 'yan kallo har da masu tallan fura.

Mai saniyar fa? Yana can gefe, malafa a ka, sanda a kafaɗa, ƙafa ɗaya a kan gwiwar ɗaya. Kalma ɗaya ya zo da ita daga ruga: albarka. 'Yan birni na ɗaukar shirun nan rashin sanin gari. Kafin ya baro gida ya buga waya Achida, ya buga Illela, ya ji yadda aka tashi, kuma ya ƙudurta abin da zai karɓa. Akwai kuma abin da ba zai taɓa faɗa maka ba sai ka yi tunaninsa da kanka. Makiyayi ba ya rabuwa da saniyar da ke cika wa matarsa ƙwarya sai in wuya ta kai wuya: aure, ko magani, ko hatsi ya ƙare. Saboda haka in ka ga nagartacciyar saniyar tatsa a Kara, ko dai mai ita na cikin matsi, ko kuma ita ce ke da wani labari.

Barunde, wato mahauci, ba ruwansa da wannan duka. Ya danna bayanta, ya matsa gindin wutsiya, ya ɗaga ido sama yana motsa baki. Ya riga ya feɗe ta a zuci, ya kasa tsoka, ya ware kayan ciki, ya sayar da fata da kai da ƙafa. In ka ce masa ai ta madara ce, sai ya dube ka da tausayi. Zai ja ta yau, kuɗi kuwa sai nama ya ƙare. Wanda ya fi shi gaggawa sai mai lodin Legas, wanda ba ya ƙirga shanu sai da tirela.

Duk waɗannan mutum ɗaya suke jira, kuma Allah ba ya hana su shi: sabon mai ritaya. Shekara 35 yana jan biro, an biya shi garatuti, ya kwana uku yana kallon gonakin Holan a wayarsa, shanu baƙi-da-fari suna shiga injin tatsa a layi. Ya iso Kara da farar shadda da takalmi sau-ciki da ɗan littafi, a ciki ya gama lissafin lita nawa a rana, sau 30, sau 12, har ya sayi mota a shafi na uku. Tambayarsa ta farko, ko akwai Firishiyan. Dillali bai taɓa cewa babu ba. "Akwai jikarta, ranka shi daɗe." Sai a jawo wata mai ɗan dabbare a ciki.

Ba wanda zai tuna masa cewa saniyar Turai ta ƙasar sanyi ce, a Sakkwato kuwa watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, inda ko Bokolo da ta gaji wurin sai ta nemi gindin bedi. Ba wanda zai gaya masa hantsar nan da ta cika ta yi tam, tun jiya aka raba ta da ɗanta ba a tatsa ba. Cikin nan da ya fito ɓul-ɓul kuma, kanwa aka ba ta da asuba ta kwankwaɗi ruwa. Babban abin da ba ya cikin littafin shi ne, shanunmu masu tozo ba su cika sakin nono ba sai maraƙi ya fara kamawa. Shi kuwa don ya rage kuɗi ya ce a bar maraƙin, uwar kawai yake so. Washegari da safe a Arkilla, ga shi tsugune da sabon bokiti, iyali sun fito kallo, saniya na kallon gabas. Kafin wata uku ya san kuɗin buhun dusa da damin harawa fiye da yadda ya san lambar fanshonsa. Zai dawo da ita Kara, ya tarar da dillalin nan dai, wanda zai buɗe bakinta ya girgiza kai, ya tambaye shi wane marar tsoron Allah ne ya sayar masa da wannan.

In bai daddara ba, mataki na gaba gona. Ita ba a jawo ta kasuwa da igiya, amma dillalanta na nan a teburin mai shayi, kowanne da fadama a aljihu. Za a ɗauke shi a mota cikin rani a kai shi wajen Kwalkwalawa, ya ga albasa da tafarnuwa da shinkafa shar, ruwan Rima na kusa. Ba a kai mai saye ganin fadama a watan Agusta. Wanda ya ga ambaliyar 2010, wadda ta yanke hanyar zuwa Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ya san dalili.

Mai sayarwar yawanci magaji ne mai sauri, wanda ya fara neman dillali tun ba a share makoki ba. Ya rantse shi kaɗai ya rage a gidan. Za a kira dattijon iyaka, mai cewa daga gawon can ne zuwa layin gamba, ko da yake gawon an sare shi tun zamanin Shagari, gambar kuma tana matsawa taku ɗaya duk damina. A rubuta takarda, a sa hannu, a yi fatiha. Sai an zuba taki sannan gwaggo za ta iso da lulluɓinta daga Bodinga, ta zauna a bakin gona ta ce ita ba ta sayar da rabon ubanta ba. Bayanta ga wani ƙane daga Legas, bayansa ga wanda aka jinginar wa gonar shekara bakwai da suka wuce. Dokar filaye ta 1978 ta ce ƙasa amana ce a hannun gwamna. Gwaggo ba ta da labari, kuma ba mai ƙarfin halin da zai kai mata shi.

Inda ake buga gwanjo na sosai, har da takarda da hatimi, shi ne ranar da wata ma'aikata ta tashi rabuwa da tsofaffin tantan da suka shekara a bayan ofis, ciyawa ta fito ta cikin sitiyari. A nan akwai mai jin ƙanshin gwanjo. Sanarwar na manne a bango, gaskiya ne, amma a bangon da kabad ta rufe. Ranar da kai ka ji labari, shi har ya sake fenti. Abokin tafiyarsa bakanike ne mai baƙin hannu, wanda zai kwanta ƙarƙashin jar Massey Ferguson, ya fito ya ce "Inji lahiya lau, abu kaɗan na." Abu kaɗan ɗin ya haɗa da tayoyi huɗu da famfon mai da giya. Sai an sayi matattu uku ake tada ɗaya, ita ma ranar da ta ga dama, tana tari kamar tsohon mai shan taba. Tun da aka janye tallafin mai a 2023 kuwa, masu injin ban ruwa da yawa suka koma jona masa tukunyar gas, ƙaramin manomi kuma ya ƙara riƙe garmar shanunsa da kyau, bijimai biyu ba sa tambayar kuɗin lita.

Shekarar nan ta 2023 ce kuma ta ɗaga darajar wani yaro da a da ba a ko amsa sallamarsa: mai POS. Lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta yi ɓatan dabo, an ga attajirai na yi masa fadanci a ƙarƙashin lema, an ga mai saniya riƙe da igiya gam yana cewa shi bai ga komai ba, ba ya sakin dabba a kan saƙon waya. Har yau in an sallama, kafin igiya ta sauya hannu sai an jira shi ya ɗaga na'urarsa sama yana neman sabis. Nan take shaidu za su tsiro, waɗanda ba ka gani ba lokacin ciniki, kowa na shafa fatiha yana miƙo hannun goro. Yaron da ya riƙe igiya na da nasa. Wanda ya kora ta zuwa mota na da nasa. Wanda ya ce "a yi hankali da ƙaho" ma yana tsaye.

Ka biya kowa, an ɗaure saniya a bayan a-kori-kura, ka kama murfin mota. A daidai nan na ƙarshensu zai dafa ka. Kullum yana Kara, bai taɓa saye ba, bai taɓa sayarwa ba, ba ya ma neman goro. "Alhaji, nawa ka same ta?" Ka faɗa masa. Ya riƙe baki, ya dubi saniya, ya dube ka. "Ash! Da ka hwaɗa min. Jiya-jiyan ga anka saida wadda tah hi ta, da ɗanta, rabin wanga kuɗɗi."