Akwatunan Baba

An yi wasu 'yan'uwa uku, uwa ɗaya uba ɗaya, da suka shekara ba sa ga maciji tun bayan jana'izar mahaifinsu. Babban, Francis, ya kira ƙannensa Peter da Jack su haɗu a jirgin ƙasa a Indiya, wai a gyara zumunci. Labarin fim ɗin The Darjeeling Limited ke nan, wanda Wes Anderson ya fitar a 2007. Na ban dariya ne, amma dariyar takan tsaya wa mutum a wuya.

Yaya Francis, kai naɗe da bandeji bayan haɗarin babur, shi ke zaɓa wa kowa abin da zai ci. Ya karɓe fasfon ƙannen ya adana, ya sa an buga jadawalin tafiya an lulluɓe da leda, ƙarfe kaza tashi, ƙarfe kaza ziyarar wurin ibada, sai ka ce zumunci aikin ofis ne. Peter shiru-shiru, amma tabarau ɗin marigayi ne a fuskarsa, rezar askin ma ya yi gaba da ita ba tare da shawarar kowa ba. Da biyu sun keɓe, sai ka ji an ce kada na ukun ya ji. Duk inda suka nufa, jibgin akwatunan uban na biye da su. Ƙarshe suka ba hamata iska a cikin tarago, aka sauke su a daji, su da akwatunan. Abin da ya sa suka fara duban juna da idon rahama kuwa, gawar wani yaron ƙauye ce da suka kasa ceto daga kogi.

Su dai sai da suka ƙetare teku kafin su zauna wuri ɗaya. Tsakanin unguwannin Adjamé Liberté da Treichville kuwa babu teku. Ruwan Ébrié ne kawai, ga gadar Houphouët-Boigny, ga ta De Gaulle, ga bas ɗin SOTRA na kai da kawowa. Duk da haka mutum zai yi sammako ya soya kifin tuna, ya wuni yana zuba wa baƙin ido abincin garba da barkono da Maggi, "sannu da zuwa" ba ta yanke a bakinsa ba, ya yi Sallah uku bai haye gadar nan ya ga ɗan'uwansa ba saboda wata gona da tsohonsu ya bari can gida Tibiri. Sai ranar da aka bugo waya cewa jikin Inna ya yi tsanani za a haɗu a tashar mota ta Adjamé, yaya ya nemi kujerar gaba, ƙane ya nemi ta can baya, har Yamai ba wanda ya miƙa wa wani goro.

Autansu Jack marubuci ne. Duk labarin da ya rubuta sai yayyensa su tsinci kansu a ciki, shi kuwa ya dage cewa mutanen duk ƙirƙira ne. In wani mai rumfar garba ya ga kamar da shi ake, ya kwantar da hankalinsa: fim ɗin Amurka ne, a Indiya aka ɗauke shi.