Yadda Ake Ƙetare Teku A Dawo Da Jahilci Ko Ƙwarzane Babu

Tsakanin Ba'amurke da mutumin Turai akwai wasa irin na Bafulatani da Babarbare, sai dai nasu ya fi tsada, don sai an yanki tikitin jirgi kafin a je a tabbatar da hukuncin da aka yanke tun daga gida. Mai sha'awar shiga sana'ar, ga yadda gwanaye ke yi.

In Ba'amurke kake son zama, ɗauki Turai gari guda mai unguwanni: unguwar Faransa, unguwar Italiya, da wata can baya inda Jamusawa ke ƙera motoci. Kwana goma sun isa. Karin kumallo a Landan, azahar a Paris, kwana a Rum. In ka manta ƙasar da kake ciki, duba ranar mako. Tun 1969 aka yi fim a kan masu wannan dabara, sunansa ma cewa yake in dai Talata ce, to Beljiyam ake. A Landan miƙa wa mai shago yuro, in ya ce fam yake karɓa ka yi masa kallon tausayi. A Ostiriya tambayi inda ake kallon kangaru. An sha yin tambayar har 'yan kasuwar Vienna suka buga riguna masu cewa babu, suna cin ribarsu.

Babban darasi yana Paris. Faɗa shago ba sallama, ka yi Ingilishi da ƙarfi, in ba a gane ba ka ƙara murya, ai kowa ya san ihu shi ne tafinta. Bafaranshe kuwa a kan "bonjour" ɗinsa kamar tsohuwar Bahaushiya yake a kan gaisuwa: ka tsallake ta, ko hanya ka tambaya sai ka sha harara. Da ya ɗaure fuska, shi ke nan, tsaraba ta samu, ka koma gida ka ba da shaida cewa Faransawa ba su san fara'a ba. Kafin nan nemi ƙanƙara a ruwan sha, nemi na'urar sanyaya ɗaki a ginin da ya girmi George Washington, ka yi salati in an ce ka biya kuɗin shiga banɗaki. Ɗakinka da aka ce yana hawa na ɗaya a sama yake, ba a ƙasa ba irin na gida. Kinkimi akwatunanka uku ka bi matakala, lif ɗin mutum biyu yake ci.

In ɓangaren Turai ka zaɓa, aiki ya zo da sauƙi, tunda ka riga ka gama ganin Amurka a fim. Yi hayar mota a New York ka tsara tafiya: Litinin Mutum-mutumin 'Yanci, Talata Disney a Florida, Laraba Grand Canyon, Alhamis shan iska a Los Angeles. Kada ka saurari taswira in ta ce daga New York zuwa Los Angeles kusan kilomita 4,500 ne a mota, ko ta ce Texas ita kaɗai ta fi Faransa faɗi. Kai da ke ratsa Beljiyam cikin awa uku, wa zai koya maka tuƙi?

Sauka da yaƙinin cewa kowa na da hular kaboyi, bindiga a ƙugu, hamboga a hannu. In ka ga wani siriri yana cin ganye, ɗan Kanada ne. Mai shago zai tambaye ka yaya kake. Gyara tsayuwa ka ba shi tarihin ciwon gwiwarka tun daga tushe. (Mu da ke amsa "lafiya lau" daga gadon asibiti mun fi ka fahimtar wannan tambaya.) A gidan abinci, ci ka share baki ka fita ba tukuici, ai biyan ma'aikaci aikin maigidansa ne. Dokar tarayya ta yarda a ba mai kawo abinci dala 2.13 a awa, adadin da bai motsa ba tun 1991, a jihohi da dama kuma da kashi 15 zuwa 20 ɗin da ka hana yake cefane. Ba komai, kai wayewa ka zo koyarwa. Kuɗin da ya hau kan farashi a wajen biya haraji ne, amma ka kira shi damfara.

Duk wanda ka haɗu da shi, sanar da shi cewa ƙasarsu ba ta da tarihi. Don kada zancen ya ɓaci, kauce wa Taos a New Mexico, inda 'yan asalin ƙasar ke zaune cikin sorayen laka masu hawa, irin wanda mutumin Agadas zai gani ya yi sallama, tun kafin Columbus ya iso a 1492. In kewar gida ta dame ka, nufi Texas, akwai garin Paris a can, har da tasa hasumiyar Eiffel. Jar hular kaboyi suka kafa mata a ka.