Cinikin Abin da Hannu Ba Ya Taɓawa

Bahaushe ya iya ciniki, ba wanda zai koya masa. Ka kai shi gaban rago, zai buɗe baki ya duba haƙora, ya matsa gadon baya, ya taya, a ce albarka, ya juya kamar ya tafi ke nan, a kirawo shi. Ko kwamfuta haka yake saye: ya ɗaga ya ji nauyi, ya leƙa allo ko da tsaga, ya ƙirga kuɗi ya miƙa. Ba a samun saɓani sai mai shago ya ce, "To saura kuɗin manhaja." Nan take fuska ke canjawa. Manhaja ba ta da nauyi, ba a zuba ta a leda, ba kuma wanda zai gan ka da ita a hanya ya ce Allah ya sa a kashe lafiya. Mutum ya zare kuɗi ya biya abin da in an ce "ina yake?" sai dai ya nuna wani ɗan hoto a allo? Daga nan jama'a suka rabu, kowa ya kama tasa hanyar.

Runduna mafi yawa ita ce ta Malam Na-banza. Shi bai ma san ana sayar da Microsoft Word ba. A zatonsa da shi ake haihuwar kwamfuta. Ka gaya masa akwai kamfani can Redmond a Amurka da yake jiran kuɗinsa, sai ya kwashe da dariya: "Yanzu don Allah Bill Gates ne zai kwana da yunwa don ban biya ba?" Kada kuma ka kuskura ka ambaci sata. Ai ya biya. Ya ba yaron shago kuɗin sakawa, har da na shan ruwa. Rubutun nan mai dishi-dishi da yake zaune a kusurwar allo yana roƙon a halatta Windows ɗin, shekara da shekaru suna tare, ya ɗauka ado ne. Zamanin Windows 7, da bangon allonsa ya rikiɗe ya koma baƙi ƙirin saboda an gane jabu ne, cewa ya yi dama haka ya fi so, ba ya cin ido.

Abin da ya fi ɗaure min kai da shi shi ne kirak, makullin satar nan da ake ɓalle manhaja da shi. Sharaɗin farko da masu kirak suke gindayawa shi ne ka kashe riga-kafin kwamfutarka kafin ka saka. Malam Na-banza yana bin umarnin sau da ƙafa, bai taɓa tambayar kansa wane irin baƙo ne zai ce ba ya shiga gida sai an sallami maigadi ba. Ba a jima ba fankar kwamfuta ta fara gurnani ba kowa a kanta, ko a wayi gari wani ya shige Facebook ɗinsa yana roƙon dangi kuɗi da sunansa. Da yawa daga cikin kirak ɗin nan ɗauke suke da ɓarayin kalmar sirri, ko manhajar da ke haƙa wa wani kuɗin kirifto da man janaretonka. Shi dai hukuncinsa ɗaya ne: kwamfutocin yanzu ba su da ƙarko.

Alhaji Sa-min-duka kuwa ba rashin kuɗi ke damunsa ba, gudun raini ne. Kada wani ya zo ya tambayi abu a ce babu shi a kwamfutar Alhaji.

"Wannan fa, ta mece ce?"

"AutoCAD ce, ranka ya daɗe. Masu zanen gini ne suke aiki da ita."

"To ni ba na gini ne? Saka."

"Ita kuma SPSS ta masu bincike ce, 'yan jami'a."

"Ina da yara a jami'a. Saka."

Haka za a loda masa Photoshop da CorelDRAW, har da manhajar koyon bugu da yatsu goma. Sai ya gama shan shayi kafin kwamfutar ta gama tashi. In ta tashi, abu ɗaya yake dannawa: ɗan mazurarin nan ruwan lemo na VLC, ya kalli bidiyon ɗaurin auren bara.

Akwai wanda nake gani da mutunci duk da taurin kansa, wato Mai Tsohuwar Zuma. Za ka same shi a shagon buga takardu na bakin kotu ko ƙofar makaranta, ko a layin masu buga katin biki da kalandar 'yan siyasa. Abin da ya koya da shi yake aiki, da shi kuma zai yi ritaya. Kamfanin Microsoft ya janye hannu daga Windows XP a watan Afrilun 2014, ya janye daga Windows 7 a Janairun 2020, ya sallami Windows 10 a Oktoban 2025. Duk sanarwar nan ba wadda ta same shi a gida. In ka kawo masa zanen da aka yi da sabuwar CorelDRAW, tasa ta ƙi buɗewa, ba zai ce tasa ta tsufa ba. Cewa zai yi, "Ɗan'uwa, koma ka sauko da shi ƙasa." Kuma kai za ka koma, domin injin bugawa a wurinsa yake. Abokiyar aƙidarsa ita ce Anti sakatariya, wadda ta fara aiki da tafireta. Har yau ba ta yafe wa Office 2007 ba, da ya kwashe jerin umarnin da ta haddace ya jera mata hotuna a saman shafi. Takardun Hausa kuma da tsohon salon haruffa take buga su, irin wanda aka ƙirƙiro a shekarun 1990 don samar da ɓ da ɗ da ƙ. A kwamfutarta tsaf. A ta wani sai ƙugiyoyin su watse su koma alamomin da ba mai iya karantawa. An gaya mata Windows na yanzu yana da allon rubutun Hausa a cikinsa, ta ce ta ji.

Rabin hujjarsu tana da ƙarfi, in za a faɗi gaskiya. Takardar neman aikin da aka buga da Word na 2007 ba ta fi ta bana rashin sa'a ba, kuma kamfani ba ya ƙin ka ji abin hannunka ya tsufa. Ɗaya rabin ne matsala: manhajar da aka daina yi wa gyara, duk kafar da aka gano a jikinta haka za ta zauna a buɗe. A watan Mayun 2017 cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har asibitocin Ingila suka riƙa soke ganin likita da tiyata, alhali an fitar da maganin tun watan Maris, sakawa ce ba a yi ba. Ka ba Mai Tsohuwar Zuma wannan labarin, zai ce shi ba asibiti ba ne, kuma tasa ba ta hawa intanet. Haka ne. Filashin unguwa kaf ne kawai suke shiga cikinta.

Mai Kwana Talatin ɗan dabara ne. Ya gano kamfanoni suna ba da ɗanɗano kyauta, sai ya ƙudura ya rayu a kan ɗanɗano. Adireshin imel ɗinsa shi kansa bai san adadinsu ba, kowanne don wata guda aka buɗe shi. In wa'adi ya matso, ya mayar da kalandar kwamfuta baya. Shi ya sa har yanzu kwamfutarsa tana bara waccan, shafukan intanet suna ƙin buɗewa suna cewa agogonsa ba daidai yake ba, shi kuma yana tsine wa kamfanin waya kan rashin sabis. Babbar aminiyarsa WinRAR, wadda ta ce kwana 40 ta ba shi amma ba ta taɓa hana shi aiki ba. Kullum ta fito da takardar tuni cikin ladabi, kullum ya danna ya kore ta. Tun 1999 ga 7-Zip tana wannan aikin kyauta, ba tuni ba gori. Ba ya so. Abin da aka miƙo masa da hannu biyu ba ya yi masa daɗi.

Hajiya Mai Tsoro ta tara riga-kafi uku: Smadav ɗan Indonesiya don filashi, Avast don intanet, da wanda ya zo da kwamfutar, wa'adinsa ya ƙare tuni amma bai daina kuka ba. Ukun suna zargin juna, kwamfuta tana numfashi da ƙyar, wanda Windows ya zo da shi kuma, wanda da ya ishe ta, shi aka kashe. Sai Mai Sa'a, da ya tsinci makullin Office "na har abada" a intanet a kuɗin katin waya. Har abadan yakan ƙare kafin azumi ya zagayo, mai sayarwa kuma ya canza lamba.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Malam Mai Gudun Haram. Wani dare abin ya tsaya masa a rai: da manhajar Photoshop yake ciyar da iyali, kuma ba da yardar masu ita ba. Ya tambayi malami, aka ce masa haƙƙi haƙƙi ne ko na Bature ne. Ya ɗaura niyyar saye, sai ya tarar an daina sayarwa, haya ake bayarwa. Tun 2013 kamfanin Adobe ya daina fitar da sabon Photoshop na saya-ka-mallaka; wata-wata za ka biya, ranar da ka fasa a rufe. Ya ce ya ji ya gani. Ya sa katin banki, kati ya ƙi, domin a 2022 bankunan Najeriya sun rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, wasu ma suka toshe gaba ɗaya. Ga mutum da kuɗi a hannu yana cigiyar mai karɓa. Ya bi ta hannun wani ɗan'uwa da ke Amurka, ya biya, ya yi barci mai daɗi. Sai ga Yunin 2023, aka saki naira, dalar da 'yan canji suke sayarwa wajen naira 750 ta haura 1,500 a 2024. Manhaja ba ta ƙara masa ko maɓalli ɗaya da yake buƙata ba, kuɗinta ya ninka. Ya ce to bari ya fita, aka nuna masa ƙananan rubutun da bai karanta ba: yarjejeniyar shekara ya shiga ana karɓa wata-wata, in zai fita sai ya biya rabin abin da ya rage. Ba shi kaɗai abin ya ci ba; a kan irin wannan ne gwamnatin Amurka ta maka Adobe a kotu a Yunin 2024. Ko Office ɗin da ya kama haya, da ya yi tambaya da an gaya masa har yanzu akwai na biya-sau-ɗaya, na 2024, sai dai hayar Microsoft 365 ake turo wa mutum gaba. Maƙwabcinsa Malam Na-banza kuwa, da Photoshop iri ɗaya, kullum sai ya leƙo: "Malam, an biya na wannan watan kuwa?"

Allah ya taimake shi bai kai kukansa ga Mai Wa'azin Linux ba. Wannan yawanci ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne ɗan aji biyu. Ka kira shi ya duba maka firinta, kafin ka dawo daga alwala ya goge Windows ya sa maka Ubuntu. Ya haddace silsilar tsaf: Linus Torvalds ɗan Finland ya fara a 1991, Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya kawo Ubuntu a 2004, LibreOffice ta ɓalle daga OpenOffice a 2010. Abin haushin shi ne yana da gaskiya. Wasiƙa, lissafin shago, sakamakon jarrabawar yara, duk LibreOffice za ta yi, halal, ba ko kwabo. GIMP za ta gyara hoton fasfo. VLC ɗin Alhaji ma, da ɗalibai suka fara a wata makarantar injiniyoyi a Faransa, ɗan gidansu ne. Inda yake gazawa shi ne ya manta akwai sauran mutane a duniya. Ƙanwarsa ta buga kundin digirinta da LibreOffice bisa shawararsa, ta kai shago aka buɗe da Word, jadawali suka zame, lambobin shafi suka yi hijira, ga shi gobe za a miƙa. Ta kira shi tana kuka, "Yaya, komai ya rikice!" Ya ce laifin Microsoft ne. Ƙila haka ne, amma ba Microsoft ne zai tsaya gaban malamin da ke duba aikin ba. Da ya ce mata tun farko ta mayar da shi PDF da an huta, wa'azi ne bai bar shi ya tuna ba. A wani lungu na kwamfutarsa kuma akwai Windows a ɓoye, don wasan ƙwallo.

Yallaɓai na ofis ba zan daɗe a kansa ba, don shi ma ba ya son a daɗe a kan maganar. A takarda an sayi lasisin kowace kwamfuta, da rasit da sa hannu da hatimi. A kan tebur kuma kowace kwamfuta kirak ne a cikinta.

Dukkansu wuri ɗaya suke haɗuwa, a benci gaban shagon Injiniya. Ba jami'a ce ta ba shi sunan ba, unguwa ce. Jarinsa sukudireba ɗaya da wata baƙar ma'ajiya da aka ɗaure da salatif, ɗauke da manhajojin da in za a biya kuɗinsu na gaskiya sai an sayar da shagon har da na maƙwabta. Ba ya tambayar aƙidar kowa. Na-banza ya zo, Hajiya ta aiko, Mai Wa'azi ma yakan ɓullo da magariba in ya ga ba kowa. Ya kunna, ya kalli allo, ya girgiza kai, ya ɗan ja tsaki, sannan ya faɗi abin da ya faɗa wa wanda ya tashi kafin kai: "Gaskiya, Yallaɓai, sai an yi fomatin." Sauti ya ɗauke, fomatin. Linzami ya ƙi motsi, fomatin. A duk garin shi kaɗai ake ba kuɗin manhaja hannu da hannu har a haɗa da godiya, alhali ko layi ɗaya bai taɓa rubutawa ba.

In ka tashi kai masa taka, kwashe takardunka da hotunan yara ka zuba a filashi tun daga gida. Yana tambaya ko akwai abu mai muhimmanci a ciki, amma sai ya gama.