Yadda Za Ka Mayar da J5 Gida Ka Tafi Cin Kaka a Kafanchan

A Kanada da arewacin Amurka akwai tsofaffin ma'aikata waɗanda da sanyi ya kawo jiki sai su garƙame gida, su shiga wata doguwar mota mai gado da kicin da banɗaki, su gangara Florida ko Arizona, ba za a sake ganinsu ba sai ƙanƙara ta narke. A garin Quartzsite kaɗai dubbansu ke taruwa cikin hamada duk watan Janairu. Mu ma mun iya barin gida idan yanayi ya juya, sai dai ɗan cin raninmu neman kuɗi yake fita, nasu kuwa kashewa. To idan Allah ya hore maka har kana jin lokaci ya yi da za ka shiga sahun masu kashewa, kudancin Kaduna ya ishe ka: ga dutse, ga daji, ga ruwa mai faɗowa daga sama. Saura shiri.

Kada ka wahalar da dillalai da neman irin motar tasu, Winnebago. Ka nemi tsohuwar J5 da ta gaji da lodi. Idan an ba ka zaɓi tsakanin wadda ta yi dakon tumatir da wadda ta yi dakon citta, ɗauki ta citta, domin ƙamshin zai yi maka maganin mura har ka dawo. Mai walda ya yanka taga ya sa mata ƙarfe, kafinta ya kafa gado. Sai katifa, gidan sauro, ƙaramar tukunyar gas, jarkoki, buta, da farantin sola a rufi. Maganar banɗaki a cikin mota kuwa, ka bar wa Turawa abinsu. Ba kowace bidi'a ake kwaikwayo ba. Kuma ka riƙa tuna cewa tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka cire tallafin fetur, gida mai taya ya fi daɗi idan yana tsaye.

Wanda ya fi walda wuya shi ne bayani a gida. Ranar da ka ce za ka koma kwana a mota wata biyu don ka kalli duwatsu, uwargida za ta sassauta murya ta ce, "Maigida, wani abu ya faru ne a wurin aiki?" Hajiya kuma ba za ta ce komai ba, sai dai ka ga an aiko da rubutu a gora. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ce za ka je duba farashin citta. Kowa ya san Kachia da Jaba da Kagarko su ne gidanta a Najeriya, kuma babu mai tuhumar wanda ya fita da sunan kasuwa.

Sai zaɓen lokaci, kuma a nan ne yawancin masu sha'awa ke faɗuwa. Daminar can ba irin ta Kano ba ce, tun Afrilu take sauka, ba ta ɗauke ƙafa sai Oktoba. A watan Agusta ruwan Matsirga mai faɗowa daga dutse yana cika yana ruri, amma hanyar zuwa gare shi ta zama kunu, J5 kuwa ba ta iya iyo ba. A watan Maris hanya garau, sai ka isa ka tarar ruwan ya rame har ka ji kunyar ɗaukar hoto. Wato lokacin da abin kallo ya fi kyau ba ka iya zuwa, lokacin da kake iya zuwa ya fi muni. Tsakanin nan akwai 'yar kafa daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba: laka ta bushe, rafuka ba su janye ba, daji kore, doya ta shigo kasuwa. Nan za ka kutsa. Ka tafi da bargo mai kauri, domin hunturun gindin dutsen Kagoro ba ya sanin mutum ya zo hutawa.

Daga Kaduna ka bi ta Kachia da Zonkwa. A hanya akwai Kajuru, inda wani Bajamushe ya gina ganuwa irin ta sarakunan Turai na dā a kan dutse cikin shekarun 1980. Ka tuna da shi duk lokacin da zuciya ta ce maka abin da kake yi hauka ne, akwai wanda ya riga ka, kuma nasa ba ya ko motsi. A shingen hanya za a ce ka buɗe baya. Jami'i zai ga katifa, ya ga tukunya, ya ga buta, ya dube ka ya ce, "Alhaji, ƙaura ce ko kora?" Ka amsa da fara'a, takardunka su kasance a kusa. Abu ɗaya ne a duk wannan rubutu ba na wasa da shi: ka yi tafiya da rana, kuma kafin ka kama kowace hanya ka tambayi direbobin tasha halin da take ciki a makon. Yankin ya sha fama da hare-hare da satar mutane, kuma labarin direba ya fi na taswirar waya sabunta.

Kafanchan ba za ta yi mamakinka ba sosai. Gari ne da taya ta raya shi: a 1927 layin dogo daga Fatakwal ya haɗe a nan da na Kaduna da reshen da ya haura Jos, ma'aikatan jirgi suka zo daga ko'ina suka tarar da Fantswam masu ƙasa, har Sarkin Jama'a ya dawo da fadarsa garin a 1933. Amma kada ka nemi zangon motocin kwana irin na Amurka, mai famfo da soket da lambar fili. Babu. Zangonka shi ne gaisuwa. Ka je wurin mai unguwa ko dagaci, ka cire takalmi, ka ce, "Ranka ya daɗe, baƙo ne, ina neman inda zan jingina mota." Shi zai nuna maka ko harabar makaranta, ko gefen masallaci, ko inuwar mangwaron coci. Hausa za ta kai ka ko'ina, amma ka koyi kiran mutane da sunan da suke kiran kansu, Bajju, Atyap, Ham, Agworok, za ka ga yadda fuska ke sakewa. Wanda ya tsallake wannan mataki ya je ya kafa mota shi kaɗai a bakin rafi don ya ga hakan a hoton mujalla, kafin asuba 'yan sintiri za su zo yi masa tambayoyin da ba sa cikin mujallar.

Baturen da ya ƙirƙiro wannan rayuwa gudun mutane yake yi. Kai ka cire wannan buri tun daga gida. Kafin ka ɗaure gidan sauro yara sun kewaye motar suna leƙen taga. Kafin ka kunna gas wata dattijuwa ta aiko da kwanon fate, domin a ganinta namijin da ke dafa wa kansa abinci a mota abin tausayi ne. Ka karɓa, ka ce, "Mama, na gode, Allah ya saka," ka mayar da kwano da ɗan sukari ko sabulu a ciki. Zuwa kwana na uku an san sunanka, an san garinku, an kuma yanke shawara a kan dalilin da ya raba ka da matarka.

Matsirga yana kusa da Madakiya, ɗan taƙi daga gari. Ruwan daga duwatsun Kagoro yake tasowa, ya zo ya faɗo kusan mita 30 cikin kwazazzabo, idan rana ta daki feshin sai bakan gizo ya fito. Ka bar takalmin zuwa ɗaurin aure a mota, duwatsun gansakuka gare su. Ka ɗauki ɗan gari ya yi maka jagora, ka biya shi da mutunci, in ya ce kada ka shiga nan, kada ka shiga. Iyon da ka koya a kududdufin unguwa ba shi da aiki a gindin wannan ruwa.

Dutsen Kagoro ya haura mita 1,200 daga doron teku, amma idan ka dawo kada ka ce duka ka hau, garin da kansa ya riga ya haye maka fiye da rabi. Sauran ma ya isa. Za ka fito da sandar hawa da jakar goyo da robar ruwa, ka yi rabin sa'a ka zauna kana haki, sai wata baiwar Allah ta wuce ka da kaya a ka da goyo a baya da silifas a ƙafa, ta ce, "Sannu, Baba. Lafiya dai?" Akwai masu zama a saman dutsen, abin da ka kira yawon buɗe ido su hanyar cefane ce. Tambayar "wurin wa za ka?" za ta biyo baya. Kada ka ce kallo ka zo, ka ce likita ne ya sa ka. Idan ka kai 1 ga Janairu a yankin, ka tsaya bikin Afan, ka ga maharba da masu rawa sun cika garin Kagoro da marigayi sarki Gwamna Awan ya mulka daga 1945 zuwa 2008. Ranar dai ka ajiye motar nesa, in ba haka ba za ta zama dakalin 'yan kallo.

Ka ware yini guda don Nok, kusa da Kwoi, inda masu haƙar kuza suka fara tono gumakan yumɓu a 1928. Wani kai da aka samu a ƙasar Jama'a sai da ya yi aikin mutum-mutumi a gonar doya kafin ya kai hannun wani Bature, Bernard Fagg, a Jos a 1943, aka gane ya haura shekara 2,000. Idan wani ya ja ka gefe ya buɗe tsumma ya nuna maka irinsa, ka yi gaba. In na gaske ne doka ta hana, in na jabu ne makon jiya aka gasa shi.

Mai son tafki sai ya nufi dam ɗin Gurara ta wajen Kagarko, wanda ake tura ruwansa Abuja ta bututu. Ka nemi izini kafin ka matsa, kuma kada ka rikita shi da mafaɗar ruwan Gurara, wannan tana jihar Neja. In kuma ba ka ƙoshi ba, ka bi ta Gidan Waya ka shiga jihar Filato, ruwan Assop na nan a gindin Hawan Kibo. Daga nan zuciya za ta ce tunda an zo nan a ƙarasa Jos mana. Kafin ka amsa mata, ka dubi hawan, ka dubi tirelolin da ke rarrafe a kansa, ka tuna gadonka da tukunyarka da jarkokinka duk birki ɗaya suka dogara da shi, kuma birkin nan tun zamanin citta ba a canza shi ba. Ka damƙa wa mai shayi amanar gidan, ka tare motar haya.