Inji Ya Ƙi Tashi, Masana Sun Taru

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, manoman rani da dama a Jigawa suka sauya wa injin ban-ruwa kafireta, suka jona shi da tukunyar gas ta girki. Aljihu ya ɗan sarara. Amma ranar da injin ya ƙi tashi da sanyin safiya a fadamar Miga, ga alkama na jiran ruwa, ranar ake sanin halin maƙwabta.

Mai fara isowa shi ne Sarkin Ƙarfi. Ba ya tambaya, tuɓe riga yake ya kama igiya. Ya fizga, ya sake fizga, har ta tsinke a hannunsa, ya dube ta ya ce, "Dama ta ruɓe." Sai an ƙulla.

Sannan Malam Fulogi, wanda duk ciwon inji a wurinsa fulogi ne. Zai kwance shi, ya hura, ya goga a gefen wando, ya kankare bakinsa da tsinke, ya manna shi a jikin inji ya ce, "Kai yaro, ja mu ga wuta." A yi masa adalci, wani lokaci yana dacewa, don gas ya fi fetur son tartsatsi mai ƙarfi. Matsalarsa ɗaya ce: ko tiyo ne ya fashe a gabansa, fulogin zai kwance. In bai ga wuta ba, ya yanke hukunci a tafi Jahun a sayo sabo.

Akwai mai jijjiga tukunya. Ya ɗaga, ya girgiza, ya kara kunne: "Iska suka ɗura maka, Malam." Ba zai yarda cewa sanyin hunturu na rage wa gas ƙarfin fitowa ba, balle in ya yi ƙasa a tukunya, kuma da hantsi ya ɗaga yakan dawo daidai. In aka yi sake ma kifa ta zai yi, ruwan gas ya gangara cikin regileta.

Wanda ake gudu shi ne mai laluben aljihu yana cewa, "Bari mu ga ko tana yoyo." Ashana yake nema. Wannan ba a musu da shi, riƙe masa hannu ake, a kawo ruwan Omo a shafa a mahaɗar tiyo. Inda kumfa ya taso, nan ne.

Can kan kunya kuma Kawu na zaune, bai taɓa ko ƙusa ba. Shi dai a zamaninsu jigo bai taɓa ƙin tashi ba. Na kusa da shi ya ɗauko zancen siyasa daga Dutse, yana hanyar kai shi Abuja.

Duk wannan bidiri, ɗan mai gonar na gefe. "Baba, an duba baƙin mai?" Da yawan injinan nan suna da na'urar da ke ɗauke wuta in mai ya yi ƙasa. Aka ce ya rufe baki, manya na magana.

Sai da rana ta take Malam Fulogi ya buɗe murfin mai, ya leƙa, ya ce ai tun ɗazu abin ke ransa. Aka ƙara mai, inji ya ɗauka a ja na biyu. Sarkin Ƙarfi ya ce jansa ne ya sassauta shi, yaron kuma aka tura shi jan tiyo.