Masu Sayen Kwamfuta Kala-Kala

Wani ƙanena ya ce in raka shi titin Beirut a Kano ya sayi kwamfuta, kuɗin nasa kuwa ba su taka kara sun karya ba. Abin da ya hana shi barci shi ne, ya ɗauki laftof mai araha, ko ya tsinto kayan ciki ɗai-ɗai a haɗa masa 'yar ƙaramar ta tebur? Muka wuni kan benci a shagon wani mai gyara, ni dai kallon masu shigowa ya fi ɗauke mini hankali.

Akwai Alhaji i7. Shi ba ya kunna kwamfuta, 'yar takardar da ke manne a gefen kibod yake dubawa. In ya ga i7, ciniki ya faɗa. Ka ce masa, "Ranka ya daɗe, wannan zubi na uku ce, tun 2012 aka ƙera ta, sabuwar i3 ta fi ta gudu," sai ya dube ka kamar ka zagi iyayensa, ya ce tun yana firamare bakwai ta fi uku. Sai ya je gida Windows 11 ta ƙi hawa, don ita daga zubi na takwas take maraba da baƙo, ga shi Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025.

Bayansa sai mai son sabuwa dal a kwali, wanda ya rantse ba zai taɓa ta hannu ba. Kuɗinsa Celeron suka saya masa, RAM giga 4 da aka liƙe da dalma, ma'aji giga 64 wanda Windows ta cinye kusan rabinsa kafin ya ajiye hoto ko ɗaya. Ba zai ɓare ledar murfi ba har shekara ta zagayo. In ya kunna ta, yakan je ya yi alwala ya dawo kafin ta gama miƙa. Araha ba ta ado, amma shi adon kaɗai ya samu.

Wanda ya fi ci mini lokaci shi ne Injiniya, ko da yake tarihi ya karanta a jami'a. Shi laftof a wurinsa kayan wasan yara ce. Zancensa kullum mini-ITX, wato allon nan mai faɗin santimita 17 kowane gefe da kamfanin VIA ya fito da shi a 2001, wanda ake cusawa cikin akwati kamar kwalin takalmi. Kuma gaskiyarsa ce a wurare da yawa: furosesar tebur tana samun iska da isasshiyar wuta, ba ta rage gudu don zafi kamar ta siririyar laftof, in abu ya mutu shi kaɗai za ka cire, in ka samu kuɗi baɗi ka ƙara katin hoto. Inda gizo ke saƙar shi ne lissafinsa. Zai zana maka farashi a bayan rasit, ya nuna maka tasa ta fi araha, alhali bai sa sikirin ba, bai sa kibod da linzami ba, bai kuma faɗa maka cewa ƙananan kayan sun fi manyan tsada ba. Yatsunsa duk yanka ne saboda tura waya a lungun da ko cokali ba ya shiga. In hunturu ya kama, kowane mako sai ya kwance ta ya busa ƙura. Ran nan yana tsakar nuna mana gudunta aka ɗauke wuta, ɗif. Mai Celeron na gefe, tasa tana ci gaba da rarrafe a kan batir, ya ce, "Injiniya, ko in ara maka?"

Mai jiran dala ta sauka kuwa, shekararsa ta huɗu ke nan yana zuwa taya.

Akwai kuma wata Hajiya mai shagon buga takardu. Laftof ɗinta batir ya mutu, murfi ya karye, an jona mata sikirin da kibod na waje, ta zama ta tebur ƙarfi da yaji. Ba ta shiga musun kowa ba. Ta nuna wata tsohuwar ƙaramar kwamfutar ofis, irin wadda ake ɗaurewa a bayan sikirin, ta tambayi wutar da take ja, ta ji inbatarta za ta ɗauka, ta biya ta fita. Injiniya ya bi ta da kallo, ya ce ai ba ita ta haɗa ba.

A ganina, in kana da sola kuma aikinka na zama wuri ɗaya ne, Injiniya ya fi ka riba. In ba haka ba, batir da sikirin da ke jikin laftof kaɗai sun biya kuɗinsu. Ƙanena dai tsohuwar ThinkPad zubi na takwas ya ɗauka, aka sa mata SSD, aka kai RAM giga 8. In kai ma za ka je, kafin ka miƙa kuɗi ka ce a zare caja, ka zauna minti ashirin kana kallon lambar batir.